Dogayen Sunayen Sinadarai: A Ina Ake Yankawa, A Ina Ake Ɗora Murya?

Ga kalma ɗaya mai haruffa 31: dichlorodiphenyltrichloroethane. Dattawanmu sun san abin da take nufi ko da ba su taɓa ganin ta a rubuce ba, domin ita ce DDT, maganin ƙwarin nan da aka daɗe ana fesawa a ɗakuna don yaƙi da sauro. Amma rubuta ta a allo, ka ce wa ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare ya karanta. Zai faro da ƙarfin hali, ya yi tuntuɓe a tsakiya, ya haɗiye ragowar. Ba ɗalibai kaɗai ba ne. Da ma'aikaciyar jinya mai duba takardar cikin kwalin magani, da mai kemis a bakin kasuwa, da dillalin maganin feshi da manomi ya tsare da tambaya, da mai karanta labarai a rediyo ranar da hukumar NAFDAC ta fitar da gargaɗi, duk suna cin karo da irin waɗannan sunaye. Akasari kuma dabara ɗaya ake yi, wato a yi sauri a wuce wurin kafin mai sauraro ya ankara.

Su ma masu harshen Turanci ba su tsira ba. A watan Satumba na 2025 duniya ta ga shugaban Amurka Donald Trump yana kokawa da kalmar acetaminophen a gaban 'yan jarida, alhali sunan farasitamol ne a ƙasarsa, maganin da ke kusan kowane gida. Wannan ya isa ya nuna cewa ba ƙarancin Turanci ne ke jawo tuntuɓen ba. Da haruffan Turanci aka rubuta sunayen, amma guntayen da aka gina su da su na Girkanci ne da Latin. Kowane dogon suna cikakken bayani ne game da sinadarin, sai dai an rubuta shi a manne, ba a bar fili tsakanin sassansa ba. Aikin mai karatu shi ne ya mayar da filayen nan da idonsa kafin ya buɗe baki.

Me ya sa masana suka ɗora wa kansu, suka ɗora mana, wannan nauyi? Kafin ƙarshen ƙarni na 18 sunayen sinadarai a Turai gajeru ne masu daɗin faɗi, amma masu ɓad da mutum. Akwai wanda ake kira sukarin dalma saboda zaƙinsa, alhali guba ne. Akwai man shanun antimoni, wanda babu abin da ya haɗa shi da saniya, laushinsa kawai aka duba. A 1787 masana huɗu na Faransa, Guyton de Morveau da Lavoisier da Berthollet da Fourcroy, suka fitar da littafin da ya kafa ƙa'idar cewa sunan sinadari ya faɗi abin da ke cikinsa. Daga wurinsu aka gaji ƙarshen suna irin su -ate da -ite. Da sinadaran da aka gina kan kabon suka yi ta ƙaruwa a ƙarni na 19, sai aka yi taro a birnin Geneva a 1892 aka tsara musu nasu ƙa'idojin, kuma ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919 ita ce ke riƙe da wannan aiki har yau. Rumbun rajistar sinadarai na CAS da ke Amurka yana ɗauke da sinadarai sama da miliyan 200. Babu harshen da ke da gajerun kalmomin da za su ishe su. Dole a riƙa gina suna daga guntaye ƙalilan da ake ta maimaitawa, yadda wanda ya karanta sunan a Zariya zai zana siffar sinadarin daidai da wanda ya karanta shi a Tokyo.

Mahauci ba ya sara ƙashi a tsakiya in yana da zaɓi. Yana laluben inda ƙashi biyu suka haɗu, ya sa wuƙa a nan, nama ya rabu ba wahala. Mu yi wa kalmarmu ta farko haka: di, chloro, di, phenyl, tri, chloro, ethane. Guntaye bakwai ke nan, biyu daga ciki ma maimaici ne. Di na nufin biyu, tri uku. Chloro ƙwayar zarra ce ta kulorin. Phenyl zobe ne na kabon shida. Ethane kabon biyu ne a haɗe, su ne ginshiƙin da sauran suka rataya a jiki. Abin da sunan ke cewa shi ne kulorin biyu, zobe biyu, da wasu kulorin uku, duk a jikin ethane. Lissafa ka gani. Kabon shida da shida da biyu sun ba da 14, kulorin biyu da uku sun ba da biyar, kuma haka yake a ainihin sinadarin, wanda ake rubutawa C14H9Cl5. Wannan tsohon suna ne, cikakken na IUPAC ya fi shi lambobi da baka, amma tsarin karatun ɗaya ne. Yanzu sai furuci: dai-KLO-ro, dai-FE-nil, trai-KLO-ro, E-thein. Gaɓa 11 ce, ana faɗin ta a numfashi huɗu, kuma wanda ya raba ta haka sau ɗaya da wuya ta sake kayar da shi.

Guntayen da mutum ke buƙata ba su da yawa, kuma duk wanda ya yi nahawun Hausa ya riga ya san tsarinsu, domin ɗafa-goshi ne da saiwa da ɗafa-ƙeya. A goshi akwai masu ƙirga: mono, di, tri, tetra, penta, hexa, daga ɗaya zuwa shida. Akwai masu faɗin abin da aka liƙa: chloro, bromo, fluoro, nitro, amino, hydroxy, oxo, da thio mai nufin farar wuta. Saiwa tana faɗin yawan kabon da ke jere: meth ɗaya, eth biyu, prop uku, but huɗu, daga nan sai lambobi, pent, hex, hept, oct. Huɗun farko ba lambobi ba ne saboda sun girmi ƙa'idar. But, alal misali, ta samo asali ne daga asid ɗin da ke ba man shanu wari idan ya kwana biyu. Sai ƙeya, wadda ke faɗin dangin sinadarin: -ol, -al, -one, -oic, -ane, -ene, -yne. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe mafi yawan abin da zai gamu da shi a littafin sakandare da jikin galan ɗin maganin feshi.

Inda ake faɗuwa shi ne inda ido ya ga wata kalmar Turanci da ya saba da ita a tsakiyar suna, ya cafke ta. Ɗauki sinadarin da ke cikin ƙaramar kwalbar ɗibar jini mai murfi launin shunayya, wanda ke hana jinin daskarewa kafin a auna shi: ethylenediaminetetraacetic acid, ko EDTA. Ido mai gaggawa zai ga "mine" a ciki, ya ga "net", ya yanka a inda babu mahaɗa. Ainihin rabon shi ne ethylene, di, amine, tetra, acetic. Lura da a biyun da suka haɗu a ƙarshen tetra da farkon acetic. Bahaushe mai karatu zai so ya ja su a matsayin dogon wasali ɗaya, amma na guntaye biyu ne daban. A raba su kamar yadda muke raba wasulan sa'a ko ma'ana: tetra'aSIItik. Haka ma a tetraoxo, da diiodo mai i biyu a jere.

Akwai tarkon da ya fi wannan. Ɗalibin da ya saba da jadawalin sinadarai, wanda ake kira periodic table, idan ya ga periodic acid zai furta kalmar farko yadda ya saba. Ba haka ba ne. Wannan per ce aka liƙa wa iodic, wato asid na aidin mai yawan oksijin, don haka par-ai-O-dik ake cewa, ba firiyodik ba. Haruffa iri ɗaya sak, kalmomi biyu da ba su san juna ba. Marubucin nan Isaac Asimov, wanda shi kansa malamin kimiyyar sinadaran jiki ne a jami'ar Boston, ya taɓa nuna cewa da kalma ɗaya za a gane masanin sinadarai. A rubuta masa unionized. Sauran jama'a za su yanka ta bayan union, su fahimci ma'aikatan da suka shiga ƙungiyar ƙwadago. Shi kuwa zai yanka ta bayan un, ya fahimci sinadarin da bai rabu zuwa ƙwayoyi masu cajin lantarki ba. Wurin yanka shi ya ba da ma'ana. Shi ya sa littafin ƙa'idojin rubutu na ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ya keɓe wani sashe don nuna inda ya halatta a karya dogon suna idan layi ya ƙare. Masu buga takardun jarrabawa da editocin jaridunmu ya kamata su san da wannan, domin kwamfuta in aka bar ta, duk inda ta ga dama take karyawa.

Lambobin da ke cikin suna ma suna da nasu karatun. Manoman shinkafa da masara sun san maganin ciyawa 2,4-D, wanda cikakken sunansa shi ne 2,4-dichlorophenoxyacetic acid. Ba ashirin da huɗu ba ne, ba kuma biyu da ɗigo huɗu ba. Lambobi ne biyu daban, suna faɗin gurbin da kowane kulorin ya zauna a jikin zoben, ɗaya a gurbi na biyu, ɗaya a na huɗu. Waƙafi ke raba lamba da lamba, karan ɗori ke raba lamba da harafi. Ana faɗin su ɗaya bayan ɗaya, a ɗan tsaya, sannan a shiga di, chloro, phenoxy, acetic.

Bayan an yanka daidai, saura sanin ƙarar haruffa, kuma a nan gadon Girkanci ne ke aiki. Ch a chloro da chrom k ce, ba c irin ta ciyawa ba. Ph akasari f ce. X a farkon kalma z ce, shi ya sa xylene ke fitowa ZAI-liin. C idan e ko i ko y ta biyo ta s ce, kamar a cyclo da glycerol. Th ita ce mai ba mu wahala, amma duk wanda ya yi tajwidi ya san mafitarta, domin ita ce ƙarar harafi na huɗu a jerin baƙaƙen Larabci, mai ɗigo uku a sama, wanda ake fitarwa da kan harshe tsakanin haƙora. Inda ph da th suka haɗu a nan gumi yake. Kowane ɗalibin da ya yi jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO ya ɗiga phenolphthalein ya ga ruwa ya koma ruwan hoda, amma kaɗan ne ke kiran sunan ba gargada. Phenol ce da phthalein. Masana da yawa ma tsallake ph ta biyun suke yi, su ce fii-nol-THA-liin, wasu kuma su bar f ɗin ta ɗan fito. Duka biyun sun karɓu. A naphthalene, sinadarin ƙwallayen kafur da ake sawa a akwatin tufafi, yankan yana faɗawa tsakanin ph da th, sai ya zama NAF-tha-liin.

Sai batun inda ake ɗora murya, wanda shi ne ya fi nisa da kunnen Bahaushe. Hausa harshe ne na karin sauti, kowace gaɓa tana da nata hawa ko sauka, kuma ba ma danne wata gaɓa don wata ta fito. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake ɗagawa ya raunana maƙwabtanta, har wasalinsu ya kusa ɓacewa. A dogon suna kowane guntu yakan riƙe gaɓarsa mai ƙarfi, sai sunan ya samu wani irin kari mai maimaituwa. Asimov ɗin nan ya rubuta maƙala guda a 1963 kan para-dimethylaminobenzaldehyde, sinadarin da ake amfani da shi a wani gwajin fitsari, bayan ya lura cewa sunan yana hawa daidai kan wani tsohon kiɗan rawa na mutanen Ailan. Gwada ka ji: PA-ra-dai, ME-thil-a, MII-no-ben, ZAL-di-haid. Gaɓa 12, ƙafa huɗu, kowace ƙafa mai ƙarfi ɗaya da raunana biyu. Wanda ya san ma'aunin rubutacciyar waƙa ba zai sha wahalar jin wannan ba.

Misalin nan yana koyar da wani abu da bai kamata a tsallake ba. A ma'ana, rabon shi ne benz da aldehyde, amma baki ben da zal yake faɗi. Haka formaldehyde, sinadarin da ake adana gawa da shi, form ce da aldehyde, amma for-MAL-di-haid ake ji. Ashe yanka iri biyu ne, na ma'ana da na baki, kuma ba kullum suke faɗawa wuri ɗaya ba. Na ma'ana ake fara yi da ido, sannan a bar harshe ya ɗinke bakin guntayen. Wanda ya fara da na baki shi ne ke ɓata.

Akwai 'yan ƙa'idoji da ke taimakawa. In suna ya ƙare da -ic, ƙarfin yana kan gaɓar da ke gabaninta: a-SII-tik, sal-FYU-rik. In ya ƙare da -ium ma haka ne: SO-diyam, po-TA-siyam, mag-NII-ziyam. Amma kada a yi tsammanin saiwa za ta tsaya wuri ɗaya. Dubi dangin acet kaɗai: A-si-ton, a-SII-tik, a-SE-ti-liin, a-si-TAL-di-haid. Saiwa ɗaya, ƙarfin yana ta yawo.

Kuma babu wata kotun ƙoli a wannan fage. Ƙa'idojin IUPAC na rubutu ne, ba su shata wa kowa yadda zai motsa baki ba. Baturen Ingila MII-thail yake ce wa methyl, Ba'amurke ME-thil. Na Ingila MII-thein, na Amurka ME-thein. Iodine a Landan AI-o-diin ce, a New York AI-o-dain. Tun 1934 wani kwamiti na ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ya fitar da jerin yadda ya ga ya dace a furta kalmomin fannin, amma har yau kowane ɓangare na kan bakansa. Saboda haka malamin da ke kunyata ɗalibi a aji don ya ce ME-thil maimakon MII-thail yana ɓata lokacinsa ne a kan abin da masu abin ba su daidaita ba, ga kuma abin da ya cancanci faɗa an bar shi.

Ga abin da ya cancanci faɗan. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ma fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka samu burodi da firamare da sukudireba. Bahaushe zai ce kuloro, zai ce tirai, zai ce gilaikol. A ganina wannan ba laifi ba ne ko kaɗan. Wasalin da muka cusa bai sauya ma'anar komai ba, duk masanin da ya ji kuloro ya san kulorin ake nufi, kuma Bajapane ma haka yake cusa wasula a nasa furucin. Mayar da p zuwa f ma da wuya ya jawo ruɗani, in ban da wurare ƙalilan kamar pentyl da phenyl idan aka haɗiye t. Mayar da th zuwa s ya ɗan fi haɗari, domin methyl sai ta koma mesil, kuma akwai wani guntu daban mai suna mesyl wanda ke ɗauke da farar wuta. Babban haɗarin yana ƙeya. Kalmominmu akasari da wasali suke ƙarewa, don haka mun saba yar da baƙin ƙarshe na kalmar aro ko mu laƙaba masa wasali. A sunan sinadari kuwa, ƙeyar ce ke ɗauke da rabin labarin.

Sodium chloride gishirin miya ne. Sodium hypochlorite shi ne sinadarin da ke cikin ruwan bilic na wanki. Sodium chlorate an daɗe ana kashe ciyawa da shi. Wanda ya ce "kulorai" ya tsaya bai faɗi ko ɗaya ba, domin bambancin chloride da chlorite d ce da t a can ƙarshe, aid da ait, chlorate kuma eit. Haka nitrite da nitrate, haka sulfide da sulfite da sulfate. Ga kuma ethane da ethene da ethyne, waɗanda wasali ɗaya ya raba su, bisa tsarin da Bajamushen nan August Wilhelm von Hofmann ya kawo a 1866 na bin jerin wasula. Ethene ita ce ake yin leda da ita, ita ce kuma iskar da 'ya'yan itatuwa ke fitarwa da kansu su nuna. Ethyne ita ce iskar da ke tashi in an zuba wa kabaid ruwa, wadda masu walda ke ƙona ƙarfe da ita. Matsalar ita ce Turanci ba ya karanta wasali yadda muke karantawa: -ane ein ce, -ene iin, -yne ain. Wanda ya ce "eten" ya bar mai sauraro tsakanin biyun farko. Ɗaliban Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci suka shigo jami'o'in Najeriya suna da ƙarin aiki a nan, domin a Faransanci etan, eten, etin ake faɗi, kusan yadda Bahaushe zai karanta haruffan, sai ga shi iin ta Turanci mai nufin ethene ta yi kama da in ta Faransanci mai nufin ethyne.

Goshi ma ba a wasa da shi. Ethanol ana goge fata da shi kafin allura, yana kuma cikin ruwan tsabtace hannu. Methanol, da harafi ɗaya ya ƙaru a gaba, mililita goma nasa na iya makantar da mutum har abada, talatin na iya kisa. Propylene glycol ana narkar da maganin ruwa na yara a cikinsa lafiya lau. Diethylene glycol yana kama da shi a ido, yana da zaƙi, amma yana kashe ƙoda. Shi ne ya hallaka yara fiye da 100 a Najeriya a 1990 ta cikin farasitamol na ruwa, ya sake hallaka 84 tsakanin 2008 da 2009 ta cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, sannan kimanin 70 a Gambiya a 2022 ta cikin magungunan tari. Ba santsin baki ne ya kashe waɗannan yara ba, ha'inci ne da rashin gwaji. Amma wanda ya saba kiran duka biyun "gilaikol" kawai, ko ɗan kasuwar sinadarai ne ko mai sito ko ɗan jarida, ya rufe wa kansa ƙofar farko ta lura. Ranar da aka fitar da gargaɗi a rediyo, uwa tana buƙatar ta ji sunan a cike.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da gane cewa furuci batun lafiya ne. Tun 1953 take fitar da sunayen bai-ɗaya na magunguna, waɗanda suka fi na IUPAC gajarta, kuma cikin ƙa'idojinta akwai cewa a yi amfani da f maimakon ph, t maimakon th, i maimakon y, don sunan ya yi sauƙin faɗi a harsuna daban-daban. Shi ya sa ake ganin cefalexin da aciclovir a jikin kwali a irin wannan rubutu. Su ma waɗannan sunaye guntaye ne. Duk mai ƙarewa da -cillin dangin fanisilin ne, -olol da -pril na hawan jini da zuciya ne, -oxacin na ƙwayoyin cuta, mai farawa da arte- kuma na zazzaɓin cizon sauro, kamar artemether da artesunate. Duk da haka sunaye na yin kama. Chlorpromazine na taɓin hankali ne, chlorpropamide na ciwon sukari. Saboda irinsu ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fara neman kamfanoni tun 2001 su riƙa rubuta sashen da ya bambanta da manyan haruffa, chlorproMAZINE da chlorproPAMIDE. Abin da suka yi da tawada shi ne ya kamata mai ba da magani ya yi da muryarsa.

Masana da kansu ba kullum suke jan dogon suna ba. A ɗakin gwaji EDTA ake cewa, da TNT da DNA, ba wanda ke ganin gazawa a ciki. Tsarin ma yana da iyaka. In aka bi ƙa'ida aka jera sunan titin, furotin mafi girma a jikin ɗan Adam, wanda ke cikin tsoka, za a samu haruffa 189,819, karatun fiye da awa uku, kuma masu ƙamus ba su yarda kalma ce ba. Taƙaitawa halal ce ga wanda ya san abin da aka taƙaita.

Makarantunmu suna da wata dama da ba sa cin moriyarta. A Afirka ta Yamma, manhajar WAEC da littattafai irin su New School Chemistry na Osei Yaw Ababio sun raini ɗalibai da sunaye kamar tetraoxosulphate(VI) acid da trioxonitrate(V) acid da sodium trioxocarbonate(IV), wanda ke cikin kanwar da muke sawa a tuwo da miya. A sauran duniya sulfuric acid da nitric acid ake cewa, kuma ƙa'idojin IUPAC na 2005 sun amince da waɗannan gajerun, don haka dole ɗalibi ya san duka biyun in ba ya son ya ɗimauce ranar da ya ɗauki kwalba a ɗakin gwajin jami'a. Amma dogayen suna da amfaninsu, domin babu abin da ya fi su dacewa da koyon yanka: tetra, oxo, sulph, ate, wato oksijin huɗu kewaye da farar wuta, lambar Rumawan kuma ana karanta ta shida. Abin takaici shi ne a azuzuwa da yawa rera su ake yi baki ɗaya har a haddace, ba tare da an taɓa raba su a allo ba. Yaron da aka koya wa haka zai ci jarrabawa, amma sunan farko da ya gani wanda ba ya cikin littafi zai tsayar da shi.

Roƙona ga malaman kimiyya shi ne su ware darasi ɗaya tak a farkon zango don wannan aiki, da alli launi biyu, kowane guntu da launinsa, su bar yara su cusa wasulansu na Hausa, amma kada su yafe wa kowa haɗiye ƙeya. Gidajen rediyonmu kuma su riƙa raba sunan a takardar labarai kafin a shiga ɗakin watsawa, a maimaita shi sau biyu in gargaɗi ne. Kai kuma mai karatu, in ka sayi magani, nemi ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan kamfani, ka raba shi da alƙalami, ka karanta wa mai kemis shi a bayyane har gaɓar ƙarshe, ya tabbatar maka shi ne likita ya rubuta.